Horace Plumridge Ba Ya Zubar da Gam

Shekara arba'in Horace Plumridge yana haɗa kujeru a garin High Wycombe, kuma a ganinsa duk wanda ya samu wurin zama a Ingila shi ya yi masa alfarma. Ga girman kan tsiya, ga maƙo. Tukunyar gam ɗinsa gadon ubansa ce, ba a taɓa ganin gindinta ba. In gam ya daskare a ɗora a wuta, in ya yi kauri a ƙara ruwa.

Da yaƙi ya ɓarke, ƙarfe ya yi wuya, sai aka ce kafintoci su ajiye kujeru su koma haɗa fukafukan jiragen yaƙi. Katako ne zalla, gam ke riƙe da shi a sama, da shi da ran wanda ke ciki. Sabon gam ɗin kuwa damawa ake yi, in ya daɗe a kwano sai a zubar, don ƙarfinsa ya mutu ko da ido bai gani ba.

Horace ya ji dokar ya taɓe baki. Wai shi za a koya wa gam! Sai ya riƙa ɓoye ragowar a ƙarƙashin benci, da safe ya tsinka da ruwa ya shafa abinsa, yana yi wa sauran kallon almubazzarai.

Mai duba aikin ita ce Edna Stallwood, wadda a da saƙar mazaunin kujera take yi. Wata Talata ta tsaya a kansa.

"Mista Plumridge, gam ɗin nan na yaushe ne?"

"Ke Edna, ina shafa gam tun kina rarrafe. Je ki sha shayinki."

"Zan sha. Miƙo mini ɗaya cikin aikin jiya tukuna."

Ta ɗora a gwiwa ta danna. Katakon ko gezau, amma mahaɗar ta rabu salin-alin kamar an ɓare wake. Ta gwada na biyu, haka.

"Tun yaushe kake wannan?"

Gwanin ya yi tsuru-tsuru. "Wata uku."

"Ai na wata uku sun riga sun tashi."

Aka bi lambobin fukafukan da ya haɗa aka tsare jiragen da aka samu. Biyu sun riga sun ƙetare teku. Sau uku Horace yana cire hula gaban manaja yana tambayar labarinsu, amsar ɗaya ce, sirrin yaƙi ne.

Ba a kore shi ba, don ma'aikata sun yi ƙaranci. Tsintsiya aka ba shi, mutanen gari kuma ba su ɓata tausayinsu a kansa ba.

Ya kai shekara tamanin da ɗaya. Har ya mutu, duk tsohon sojan sama da ya shigo mashaya, Horace zai lallaɓa kusa da shi ya ce, "Ɗana, wane jirgi ka tuƙa?" Kafin mutumin ya buɗe baki, sai Horace ya ajiye kofinsa ya fice.