Dokta Nizar, wanda ya hana a ɗaura wa 'yata kwaɗo

Shekara bakwai rabona da gida, ban taɓa kuka a garin nan ba sai yau da safe. Wai Dokta Nizar ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Likitan yara ne, ɗan Siriya, a asibitin da nake gadi a Deira, nan ƙasar Larabawa. A nan mai gadi da ƙofa duk ɗaya ne, wucewa ake yi. Shi kam yakan tsaya.

Wata rana ya tarar ina faɗa da mutanen gida a waya. 'Yata Hanifa, a Kano, ta kai shekara tara tana fitsarin kwance, har da rana yakan kuɓuce mata a aji. Ga zazzaɓi da ciwon ciki kusan duk wata, kwana uku ya tafi, a gwada maleriya a ce babu. Kakarta ta ce gobe za a ɗaura mata kwaɗo a ƙugu, yaran layi su bi ta da waƙa. Yarinyar ta rantse ta bar makaranta.

Na faɗa masa da guntun Larabcina. Ya ce, "Abu Hanifa, kira su yanzu. A saki kwaɗon nan, bai yi karatun likita ba."

Shi ya tsaya har ta zo nan da uwarta aka yi gwaji. Zazzaɓin gado ne, sananne a ƙasarsu, a wajenmu da wuya. Ƙwaya ɗaya kullum. Batun mafitsara bai yi mana ƙarya ba, ya ce bai tabbatar zazzaɓin ne ya jawo ba. Ya koya mata zuwa banɗaki a kan lokaci tun kafin ya matse ta, ya ce duk wanda ya dake ta, shi da shi ne.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, na riƙe masa ƙofar mota, na ga hannunsa duk tabon allura. Wankin ƙoda. Ashe irin zazzaɓin Hanifa ne a jikinsa tun yana yaro, ba a gano da wuri ba har ya taɓa masa ƙoda.

Ya ce, "Tawa ƙodar ta tafi, khalas, shi ke nan. Ka kula da tata."



Ban gina gida ba, ban sayi fili ba. Amma Hanifa tana aji, a bencin gaba.

Allah Ya jiƙan Dokta Nizar, Ya haskaka kabarinsa. Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a.