Kwano Ɗaya da Inna

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, ko ta yi gyaran murya. Bafillatana ce, alkunya har ta yi mata yawa. Sai mun zauna kan kwano ɗaya nake sanin matsayina a wurinta: bakinta shiru, yatsunta na turo tuwo da tsokar kifi gabana. Ko da ciwon suga ya kama ni ina yarinya, ba mu fasa ba. Ina allura ina ci, ana dai lallaɓawa.

Bara ƙanena da ke aiki a ƙasar waje ya haɗa ni da wata na'ura. 'Yar ƙarama ce kamar akwatin ashana, a ƙugu nake maƙala ta, tana tura mini insulin, maganin suga, ta wani siririn bututu. Akwai kuma wani ɗan abu manne a damtsena da ke auna sugan yana sanar da ita, ita kuma ta ƙara ko ta rage da kanta. Abu ɗaya take nema a wurina: kafin in ci, in faɗa mata yawan tuwo ko shinkafar da zan ci.

Na zo Haɗejiya hutu an gama yankan shinkafar fadama. Inna ta tuƙa tuwon sabuwar shinkafa da miyar kuka, ta soya tarwaɗar da aka kawo mata daga Guri. Na danna wa na'ura malmala ɗaya, muka sa hannu. Ina ci Inna na turowa. To wa ke ƙirga loma a kwanon uwarsa? Kafin la'asar na'ura ta hau kuka. Suga ya haye, bakina ya bushe, kaina kamar an ɗaure shi da igiya. Tuwon shinkafa ba ya jiran kowa, kuma na ci ninkin abin da na faɗa mata.

Ni kuwa akwai zuciya, ba na musu. Washegari na ɗauko faranti, na kwashi tuwona da wata 'yar mara, na koma bakin ƙofa.

"Inna, daga yau kowa ya ci nasa. So kike ki kashe ni?"

Wallahi har yau in na tuna wannan magana sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai kawai ta ja kwanonta gabanta.

Kwana uku muna haka. Sugana lafiya lau, na'ura ko tari ba ta yi ba. Inna kuwa loma biyu, uku, sai ta rufe kwano ta ce ta ƙoshi. Ina gani, abin yana cin raina, amma girman kai ya hana ni magana.

A rana ta huɗu tana tsinkar zogale ta ce, "Ke, wannan abin naki duk abinci ne ba ya so?"

"A'a, Inna. Tuwo da kunu da fura su ne masu gudu. In ban faɗa masa daidai ba sai su tsere masa. Kifi da ganye ba sa tayar masa da hankali."

"Mai fa?"

"Mai munafuki ne. Sai ya riƙe abincin a ciki, ki ɗauka an tsira, can bayan awa uku ko huɗu suga ya taso. In man kaɗan ne abin nan yana iya bin sa da kansa, in ya yi yawa sai ya sha wahala."

"Ashe shi ma sai da lallami," in ji ta. "Ya yi gadon uwar ɗakinsa."

Da azahar ta yi, Inna ta shimfiɗa tabarma ta ajiye kwano ɗaya. Malmala guda ta ware a gefena, ta yi mata shinge da dafaffen zogale. Kifin bai ga kaskon suya ba, a miya ta dafa shi.

"Faɗa masa ɗaya. Da marar da kike aunawa na kwasa."

Na danna, na zauna. Hannunta ya fara aikinsa, amma ko sau ɗaya bai taɓa tuwo ba. Kifi take turowa, sai ganye, sai kuma kifi. Ina cikin jin daɗina na kai ido gefenta. Gaya take ci, tuwo zalla. Duk tarwaɗar ta dawo gabana, ita ko ƙaya ba ta rage wa kanta ba.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na zaɓi tsakiyar kifin, wurin da ya fi tsoka, na tura mata.

Hannunta ya tsaya cak.

"Ke! Ba ki da kunya ne?"

"Ba ni da ita, Inna. Ci."

Ta dubi kifin. Sannan ta ɗauka ta cinye tas, ni kuma na juyar da kai don kada hawayena su ɗiga mana a miya.