Ɗakin da Ya Fi Sanyi a Gidan Baba Rufe

Baba Rufe tsohon direban bas ne, kuma jikokinsa ne suka raɗa masa sunan. Tun da ya ajiye aiki ya ɗauki yaƙi da ɓarnar wuta. Da hantsi ya bi tagogi ya rufe, ya saki labule masu kauri, da yamma ya buɗe. Wanda ya kunna fanka ya bar ƙofa a wangale, sai ya ji, "Unguwa kake wa fifita?"

"Kai da wutar nan, kamar da jininka ake haɗa ta," in ji matarsa.

Dabarunsa sun ci a ko'ina ban da ɗakin kwanansu shi da matarsa, wanda rana ke duka har ta faɗi. Da zafi ya tsananta, hawan jinin matar ya tashi, likita ya ce ta riƙa hutawa a wuri mai sanyi. Babban ɗansu ya kawo shawarar na'urar sanyaya ɗaki. Baba Rufe kuwa ya san ɗakin da ya fi kowanne sanyi, na ƙarshen baranda, ƙarƙashin mangwaro. Na autarsu ne, kuma shi ya kulle shi shekara biyu da suka wuce, ranar da ta rasu.

Kashegari ya ɗauko makulli. Ya share, ya kakkaɓe katifa, littattafanta kuwa bai taɓa su ba.

Matar ta daɗe a bakin ƙofa kafin ta shiga ta zauna.

"Ashe yarinyar nan wayo ta yi mana," ta ce. "Ta zaɓi ɗaki ta yi shiru."

Ya yi dariya, ya tafi ɗauko mata filo.