Naman Layya a Cikin Bututu

A inda na tashi, ƙarami ke zuwa gaida babba. Kakana bai taɓa taka ƙofar ɗansa don ya ga jikoki ba. Yana zaune a kan buzunsa, mu muke zuwa mu durƙusa, ya miƙo mana dabino ko ya miƙo mana faɗa, duk wanda ya fi kusa da hannunsa. Haka na gani a Kano, haka na gani a Khartoum da Kumasi da Jidda, garuruwan da aikin gina hanya ya kai ni. A Ingila na tarar abin ya juya. Yaro yana da makaranta, yana da ninkaya, yana da abokai, tsoho kuwa sai ya nemi dalilin da zai sa a zo wurinsa. Ni dalilina wasu dabbobi ne guda biyu masu wari.

A farkon shekarun dubu biyu, ɗana da iyalinsa suna zaune tare da mu a wani gidan haya a unguwar Sparkbrook da ke Birmingham. Da ya sami aiki a Manchester suka tashi, amma fulat ɗin da suka kama ba a yarda da dabba a ciki ba. 'Yarsa, jikata, tana da dabbobin nan biyu, waɗanda Turawa ke kira feret, da ta samo a wurin wata ƙawarta. Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Inna nake ce mata. Ranar tashinsu ta zauna a ƙasa kusa da kejin, ta ƙi sa takalmi.

Na ce, "Inna, bar min su. Ki riƙa zuwa ranar Asabar kina duba su."

Matata, wadda kowa ke kira Hajiya, ta harare ni daga ƙofar kicin, mota na tashi ta juyo kaina.

"Alhaji, ba a ci, ba a hawa, ba sa gadi, ba sa ƙwai. Me za mu yi da su?"

"Za mu riƙa ganin Inna," na ce.

Na nemi sunan dabbar nan a duk harsunan da na tsinta a yawona, ban samu ba. Mafi kusa da ita a wurinmu bodari ne, kuma hanci ne ya gaya mini haka. Doguwa ce siririya, gajerun ƙafafu, fuska kamar ta ɓarawon da ya shafa gawayi. Tana barci kamar ta mutu, in ta farka kuma babu ramin da ba za ta shiga ba. Inna ta yi mini bayani da Turancinta na Birmingham, wanda sai na karkata kunne nake kama shi, cewa Turawa suna tura su ramin zomo ne, shi ya sa ransu ba ya kwanciya sai da rami.

To, rami dai sana'ata ce. Shekaruna na ƙarfi a kan kwalbati suka ƙare. Na sayo bututun roba irin na magudanar ruwa, na ɗauko shi a kafaɗa daga Stratford Road saboda direban bas ya ƙi in shiga da shi. Na haɗa kejinsu da ɗan ɗakin ajiya da ke ƙarshen lambun baya. Asabar ta farko uwar Inna ta kawo ta, yarinyar ta ga feret ya shige nan ya ɓullo can, ta yi tsalle ta rungume ni. Ba a saba rungumar tsoho a gidanmu ba. Na tsaya hannuwana a sake, ban san inda zan sa su ba.

Daga nan na gane yadda cinikin yake. In na ƙara sabon reshe, ta zo. In mako ya wuce ban ƙara komai ba, sai a bugo waya a ce tana da aikin makaranta. Ba na zarginta, yarinya ce. Sai na ci gaba da ƙari. Na yi wa bututun kwana, na yi mararraba, na yi wata gada da ta haye kan igiyar shanya. Da fili ya ƙare a sama, na koma ƙasa. Na haƙa rami daga bangon kicin har gindin katanga, na shimfiɗa yashi, na ba shi gangara kaɗan, na liƙe kowace gaɓa da gam, na binne. Gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ƙasar nan kuma laka ce mai sanyi da ke kama shebur ta ƙi saki. Amma aiki ya yi kyau. Ko injiniyan da ya fi kowa tsanani a Sudan da ya gani ba zai sami abin cewa ba.

Inna ta tsuguna tana leƙa bakin bututun, ta ce, "Kaka, ta ina za a wanke?"

"Kwalbati ba a wanke shi, Inna. A gina shi da kyau kawai."

Maƙwabcinmu na dama Bahaushen Ghana ne, direban bas, mutum mai barkwanci. Kullum yana jingine da katanga da kofin shayi yana kallona.

"Alhaji, ku mutanen Nijeriya! Hanyar garinku duk ramuka, ka zo nan kana yi wa ɓera titi mai kwalta."

"Ba ɓera ba ne."

"To gafiya ce da ta yi karatu. In ka gama, ka sa musu fitilar kan hanya, ni zan ja musu bas."

Hajiya kuwa ta daɗe ba ta sauko ba. Sun sace mata takalmin alwala, sun sace soson wanke-wanke, ɗaya ya taɓa kwana a cikin hannun rigar sanyinta. Tana kiransu "'yan hayar Alhaji". Amma mace ce da ba ta iya ganin mai rai a gidanta ba ta ciyar da shi ba. A hankali na fara jin ta da safe tana yi musu faɗa da Hausa, irin faɗan da ake yi wa wanda aka riga aka karɓa.

A shekarun nan Babbar Sallah a tsakiyar sanyi take faɗowa. A nan ba a yanka a gida. Mahauci ake ba wa sallahu, ya kawo ragon a yayyanke cikin leda, abin da har yau bai zauna mini ba. Hajiya ta baje naman a kan tebur tana kasawa kamar yadda uwarta ke yi: na maƙwabcin dama, na ɗaliban nan 'yan Arewa da ke Perry Barr waɗanda ba su da kowa, na wata bazawara a Balsall Heath, na mutanen Manchester. Sai na ga ta ware wani kaso a faranti, da kitse da ƙashi da hanta.

"Wannan na wa?"

"Na 'yan hayarka. Ba a gidan nan suke kwana ba? Ranar Sallah ba a hana ɗan gida rabonsa."

"Hajiya, ai ya fi su nauyi."

"A ina ka taɓa ganin an auna naman layya?"

Ta kai musu, ta dawo tana murna wai sun cinye tas, ko ƙashi ba su bari ba. Kwana uku na Sallah tana ƙara musu, farantin yana dawowa a share. Ba mu san cewa feret ba ya cin abin da ya fi cikinsa ba. Ɗauka yake ya kai ajiya, a wuri mafi zurfi da duhu da ya sani. Wuri mafi zurfi a gidan nan kuwa ni na gina shi, na kuma liƙe shi yadda hannu ba zai kai ba.

Sanyi ya rufa mana asiri har ya wuce. Da rana ta fara ɗumi, wari ya taso. Da farko mun ɗora wa dabbobin, aka yi musu wanka har suka fara gudun Hajiya. Sannan muka zargi magudanar gidan. Na zuba ruwa ta bakin bututun, gangarar da nake alfahari da ita ta tara shi a kan naman, abin ya ƙaru. Ƙudaje suka zo. Maƙwabcina ya daina fitowa da shayinsa.

"Alhaji," ya ce ta taga, "tsakanina da kai, wa ka binne?"

Maƙwabciyar hagu, wata tsohuwar Baturiya da ba ta taɓa ɗaga mana murya ba, ta gaya wa mai gidan da muke haya. Ban ga laifinta ba, ko ni ne zan faɗa. Ya zo ya tsaya a lambun da hankici a hanci, ya dubi gadata da mararrabata, ya ce a tone komai, dabbobin kuma su bar gidan. Na roƙe shi da Turancin ofis, wanda na ajiye don irin wannan rana. Ya saurara da ladabi, bai canza ba.

Tonon ya fi ginin wuya. Gam ɗin ya riƙe yadda na so ya riƙe, sai da zarto. Da na yanka gaɓar ƙasa, ga rabon Sallah nan, har da takalmin alwalar Hajiya da soso biyu. Hajiya ta tsaya daga nesa da gyale a hanci.

"Ashe ajiya suke yi," ta ce a hankali. "Bayin Allah. Kamar mu."

Wani mutum da ke kiwon irinsu a bayan gari ya zo ya ɗauke su. Ni na gaya wa Inna a waya. Ta tambaya ko mutumin yana da bututu. Na ce yana da shi, irin mai buɗewa.

Asabar ɗin da ta biyo baya Inna ta zo, ban zata ba. Muka cike ramin tare, ita da shebur, ni da gwiwoyina. Da muka gama muka zauna a bakin ƙofar kicin. Na duba cikin harsunana duka, na rasa abin da zan ce mata. Ashe duk hirarmu ta shekarun nan a kan kwana da gangara take, da wanda ya riga fita tsakanin dabbobi biyu. Na tambaye ta makaranta, ta ce lafiya. Ta tambaye ni ƙafa, na ce da sauƙi. Hajiya ta kawo mana shayi, muka sha, uwar Inna ta yi hon a waje.

Na jira Asabar ta gaba, da ta gaba. Aka ce jarrabawa, aka ce ninkaya. Wata safiya na sa babbar riga a kan rigar sanyi, Hajiya ta ƙulla mini dambun nama a leda, na tafi tashar mota. Maƙwabcina ya gan ni a hanya, ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, sai ya fasa, ya karɓi jakar ya raka ni.

Tun daga wannan shekarar Inna ba ta sake zuwa Birmingham ranar Asabar ba. Ni nake hawa mota in je Manchester in gaishe ta.