Kyanwar da Muka Tarar a Garki

Jiya da hantsi aka dawo da wuta, firjinmu ya kama ɗan ƙuginsa a hankali, sai na tsaya da ludayi a hannu. Sautin ya mayar da ni Garki, shekarar da aka ɗauke aikin Baba daga Legas, aka ce ma'aikata su tattaro su taho sabon birni.

In gaya muku gaskiya, sunan birni kawai ya ci a lokacin. Gidajen ma'aikata ne a jere suna warin fenti, jar ƙasa ko'ina, katafila na ture itatuwa a bayan katanga. Ranar da muka sauka muka tarar da wata kyanwa mai fari da baƙi kwance a ƙofar kicin, kamar ita aka ba makullin gidan. Na ɗauke ta, ta lafe a jikina, sai na ji wani abu na rawa a cikinta, gur-gur-gur.

"Kaka, me take yi?"

"Wuridi take. Ta ma fi ki tashi sallar asuba."

Baba ya yi dariya, ya ce a maƙogwaronta abin yake, wasu 'yan tsokoki ne ke kaɗawa idan iska na wucewa. Ban yarda da kowa ba sai da na gwada. Nakan kara kunnena a haƙarƙarinta, in ɗora yatsa a wuyanta. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gurnanin ba ya yankewa: ta ja numfashi yana yi, ta sauke yana yi. Na kwaikwaya har na ƙware da yawu, Kaka na cewa Allah ya shirye ni. A ƙarshe na yanke wa kaina hukunci, murna ce, kuma ni take yi wa.

Da damina ta sauka kyanwar ta fara ɗingishi, gurnanin kuma ya ƙaru. Ni a ganina son da take mini ne ya ƙaru.

Wata rana wata tsohuwa Bagwariya ta shigo tallar doya, kwano a kafaɗa kamar yadda suke ɗauka. Tana ganin kyanwar ta sauke kayan, ta kira wani suna da yarensu. Kyanwar ta zame daga cinyata ta nufe ta.

"Wannan kyanwa nawa ne," ta ce wa Kaka. "Inda kicin ɗinku yake, rumbuna ne a wurin. Da aka kwashe mu don a gina birni, shi ya ƙi shiga mota."

Na ruga na sake ɗaukarta ina kuka. "Ai ni take so! Ki saurara ki ji yadda take yi!"

Tsohuwar ba ta yi musu da ni ba. Ta durƙusa, ta kama ƙafar kyanwar ta gaba, ta buɗe tafin. Ƙaramar waya ce ta masu gini ta shige, wurin ya kumbura ya tara ruwa.

"Yarinya, yana yi in ya ji daɗi, yana yi in ya ji ciwo. Ranar da ya haihu ma haka ya yini yana yi. Kansa yake lallashi."

Ta nemi allura da ruwan gishiri, ta cire wayar, kyanwar na gurnani har aka gama. Kaka ta juya ta kalli kicin ɗin nan. Sannan ta ce, "Ɗauki abarki, baiwar Allah. Mu ne baƙi."

Tsohuwar ta shimfiɗa tsumma a kan sauran doyar, ta kwantar da kyanwar, ta ɗaga kwanon zuwa kafaɗa. Na bi su har bakin titi. Ina jin gurnanin daga saman kwanon, kuma har yau ban san ko na murna ba ne ko na tsoro.

Yanzu a Lugbe nake, inda gonakin da na sani suka zama rukunin gidaje. 'Yata ta duba mini a waya, ta ce masana ma ba su gama sanin dalilin gurnanin kyanwa ba, na ce Allah ne masani. Amma duk ranar da wani cikin yarana ya dawo daga makaranta yana dariyar da ta fi ta kullum, nakan ajiye aikin da ke hannuna, in zaunar da shi kusa da ni, in tambaye shi yadda ya yini.