Guɗar da Atika Ba Ta Yi Ba

Duk amaryar da aka kai ɗaki tsakanin Kurgu da Kende a zamaninmu, in dai ba Atika ce ta buɗe mata guɗa ba, to danginta sai sun ji a ransu cewa bikin bai cika ba. Ni Mariya, darni ɗaya ne ya raba gidana da nata. Tare muka tashi, tare muke kai daddawa kasuwar Lolo, kuma duk garin nan babu wanda ya kai ni yin faɗa da ita. Saboda haka in na ba da labarinta kada wani ya zo yana gyara mini.

'Yar siririya ce, baƙa, ba ta iya zama wuri ɗaya. In ta kama hanci ta ɗaga kai ta rangaɗa, masunta da ke kan kogin Kwara sukan ce sun ji. Ni dai ban taɓa yarda da masunta ba, amma na san awaki kan bar cin dusa su saurara. Mijinta Hamani mai jirgin fito ne, mutum mai sanyin hali. Allah bai ba su haihuwa ba. Sai ƙanwar Atika ta rasu a kan gwiwa ta bar jaririya, Jummai, Atika ta ɗauka ta goya har ta zama budurwa.

A wajenmu uwa ba ta yi wa ɗiyar cikinta guɗa, kunya ba ta barin ta. To Atika ba ita ta haifi Jummai ba, babu mai hana ta. Ta kan yi dariya ta ce ribar rashin haihuwarta ke nan.

"Na yi wa ɗiyan kowa," in ji ta. "Ranar Jummai za ku ji wadda na ɓoye."

Abin da take jira a duniya ke nan, ba ta da wani.

Shekarar da ake ta maganar Turawa za su tafi, ciwon ya shigo mata, kuma a hankali ya shigo. Da farko barci. Mace mai tashi kafin zakara, sai ga ta rana ta take tana kwance. Mu zauna muna tsince kalwar daddawa, in juya in gan ta ta yi barci da hannu cikin ƙwarya. Sai jin sanyi: tsakiyar bazara, mutane na neman inuwa, ita tana zaune a rana ta lulluɓa da gwado. Fuska ta kumbura, ido ya shige, gashin gira ya zube daga gefe, fata ta bushe tana farfashewa. Ta sa gishiri a miya ta manta ta sake sawa. Mata suka fara gulmar ta zama raguwa. Ni da bakina na ce mata, "Ke Atika, wannan wane irin lalaci ne?" Ta dube ni, sai da ta daɗe kafin amsa ta fito.

Duk wannan ta jure. Abin da ya karya ta shi ne murya. Ta dushe, ta yi kauri, in ta yi magana daga bayan darni sai ka zaci namiji ne. A wani biki a Kende ta kama hanci, abin ya ƙi fita. Ta dawo gida ta rufe kanta ta yi kuka, kuma a lokacin an riga an sa ranar Jummai da Bunyaminu, wani yaron kirki daga Matsinkai, an ce bayan kaka.

Hamani bai zauna ba. An sha rubutu, an yi turare, an jiƙa saiwoyi, an yanka baƙar kaza don masu cewa iskar ruwa ce. Babu abin da ya motsa. Sai yayanta, Hamma Sodangi, mai fataucin gishiri zuwa Dahome, ya zo da labarin wani tsohon likita Bature a can hayin iyaka, wai ya san ciwon wuya. Muka ɗora ta a jirgi, daga jirgi zuwa jaki, ina riƙe da ita kada ta yi barci ta faɗo.

Baturen bai daɗe yana dubawa ba. Ya taɓa gaban wuyanta, ya sa ta haɗiyi ruwa yana kallo, ya shafa girarta, ya ƙwanƙwasa mata bayan ƙafa da wata 'yar guduma. Sannan ya yi magana, tafinta yana juya mana da Dandanci, yaren mutanen hayin da mu ma muke ji. Ya ce akwai wata 'yar tsoka a gaban wuyan kowane mutum, ita ke hura wutar jiki. Tata ta gaji, ta daina hurawa, shi ya sa komai nata ya yi sanyi, har muryar. Ya ɗauko kwalba cike da 'yan ƙananan ƙwayoyi ya ce a sha kullum da safe.

Hamma Sodangi ya tambaya, "Har yaushe za ta sha ta warke?"

Tafinta ya ce, "Ba a warkewa. Kamar tuwo ne, wanda ka ci jiya ba ya hana yunwar yau. Har ƙarshen ranta za ta sha. Wannan kwalbar za ta kai ta bayan kaka, in ta kusa ƙarewa ku dawo. Kuma nata ne ita kaɗai, kada ta ba kowa."

Muka dubi juna. Mu a saninmu magani ana sha ne a tashi, ko kuma a mutu. Ba mu taɓa jin maganin da ba shi da ranar gamawa ba. Atika ba ta damu da wannan ba, abu ɗaya ta tambaya, da wannan murya tata mai kauri: "Guɗa za ta dawo?" Baturen ya ce in ta riƙe maganin, yana sa rai.

Wallahi ta dawo. Kafin a gama shuka kumburin fuska ya saɓe, ta yar da gwado, ta koma yi mini tsiya ta kan darni. Gero na kai gwiwa aka yi suna a gidan liman, ba wanda ya roƙe ta, ta kama hanci ta saki. Ayyururui! Ba ta kai ta da ba, amma ita ce. Na yar da ludayin da ke hannuna na yi ta kuka kamar sakarya. Da na san abin da guɗar nan za ta jawo, da na toshe mata baki da zanena.

Ƙasarmu ƙasar maƙoƙo ce. Gida ɗaya cikin kaɗan ne ba za ka sami mace mai ƙullutu a wuya ba. Labari ya zaga cewa Atika ta samo maganin wuya a wurin Nasara. Washegari da sassafe sai ga Gwaggo Batulu, ƙanwar ubanta, wadda maƙoƙonta ya kai girman ƙoƙo, ta zo ta shimfiɗa zane ta zauna a ƙofar ɗaki.

"Ɗiyata, na ji Allah ya ba ki lahiya. To ga wuyan gwaggonki."

Wanda ba ɗan nan ba ne ba zai gane ba. A wajenmu ana rowar hatsi, ana rowar gishiri, a zage ka a manta. Amma ba a rowar magani. Wanda ya san saiwar da ta tashe shi, ya hana ɗan'uwansa, in ɗan'uwan ya mutu alhaki na wuyansa, kuma har jikokinsa sai an yi musu gori. Ko godiya ba a yi in an karɓi magani, don ba a ɗauke shi abin mutum ɗaya ba. Atika ta buɗe kwalba ta zuba wa gwaggonta a tafin hannu.

Na tsallaka darni kamar zan ci ta.

"Ke ba ki ji abin da tafinta ya ce ba? Naki ne ke kaɗai!"

"Mariya, ita ta yi mini wankan amarci. In ce mata mi?"

"Ki ce ya ƙare!"

"Ta ga kwalbar."

Bayan Gwaggo Batulu sai uwar Hamani. Bayanta sai matar liman, sai dangin Bunyaminu daga Matsinkai, waɗanda ba yadda za a yi a kunyata su ana shirin haɗa zuri'a. Har wata ta zo daga Lolo da goyo, ta ce tun asuba take tafiya. Na ɗauke kwalbar na tura cikin rumbuna. Matar liman ta aiko a gaya mini in ji tsoron Allah, Hamani ya zo da kansa yana sunkuyar da kai ya ce uwarsa ta yi fushi, in taimake shi in mayar. Na mayar, ina zagin kowa da kowa. Atika ta fara tsallake kwana, ta sha yau ta bar gobe, wai don ya kai ta. Gero bai fitar da kai ba kwalba ta zama fanko.

Lokacin ruwa ya cika fadamu, hanyar hayi ta yanke, ko jaki ba ya wucewa. Muka zauna muna kallon ta tana komawa inda ta fito. Barcin ya fara dawowa, sai gwado, sai fuskar. Ranar da aka ce an sami 'yancin kai, aka kawo makaɗa, 'yan makaranta na yawo da 'yan tutoci, an aiko a zo da Atika ta yi guɗa. Tana kwance a rana a bayan ɗaki, ta ce a ce musu tana ajiye muryar ne.

Ruwa na janyewa Hamma Sodangi ya ɗauki fankon kwalbar ya tafi. Ya dawo da ita yadda ya tafi da ita. Ya ce su ma can sun karɓi ƙasarsu, tsohon Baturen ya koma garinsu, wanda ya tarar ya juya kwalbar ya ce ba su da irinsa, a gwada Sakkwato. Sakkwato! Matar da ba ta iya zuwa bakin rijiya sai ta huta a hanya. Hamani ya ce in an sayar da gero bayan biki zai nema. Na ce a ɗaga bikin mana. Dangin ango suka ce an riga an gayyaci mutane, ita ma Atika ta ce kada a ɗaga wa yarinya rana saboda ita.

Ranar kai amarya ni na yi mata wanka. Na ɗaura mata zanenta na saƙi, na shafa mata man shanu a fatar nan da ta bushe, na dama mata kunu mai zafi da citta ko maƙogwaro zai buɗe. Na zaunar da ita a kan turmi a bakin zaure, na tsaya a bayanta ina tsungulinta kada ta yi barci. La'asar ta yi, aka fito da Jummai a lulluɓe, ƙawaye na riƙe da ita. Matan gari duka suka tsaya, makaɗa suka sassauta, don kowa ya san ta farko ta Atika ce, ba mai riga ta.

Ta miƙe da ƙyar. Ta kama hanci, ta ɗaga kai, ta ja numfashi. Abin da ya fito wani gurnani ne mai kauri, gajere, kamar ana jan turmi a ƙasa. Ta sake gwadawa, sai tari. Na ga Jummai ta juyo a cikin lulluɓi tana neman inda innarta take, ƙawaye suka juyar da ita. Sai matar liman ta saki tata guɗar don a rufe kunya, sauran suka bi, aka wuce da amarya. Atika ta koma kan turmin ta zauna, hannunta bai bar hancinta ba sai da na sauke mata shi.

Mutane sun ragu, sai ga Gwaggo Batulu ta matso tana jan sanda, maƙoƙonta na nan yadda yake.

"Ki yi haƙuri, ɗiyata," ta ce. "Maganin Nasara ba shi da albarka. Ni ma ga shi tun damina nike rataye da shi, ko raguwa wuyan bai yi ba."

Ta ɗaga wata sabuwar laya da ke kwance a kan ƙullutun. Na ce, "Gwaggo, mi ke cikin wagga laya?" Ta ce ƙwayoyin ne mana. Ciwo a wuya yake, ina amfanin tura magani ciki? Ta kai wa baduku ya ɗinke mata, uwar Hamani ma haka ta yi, da matar liman, da na Matsinkai, ai duk shawara ɗaya suka yi.

Ban san lokacin da na fizge layar ba, tsohuwa na salati. Na sa haƙori na yage fatar. Zufa da ruwan damina sun gama da su. Wani ɗan dunƙulen gari ne ya manne a ciki, ya yi baƙi, yana warin ruma. Na tsaya da shi a tafin hannu, ina jin guɗar matan can a hanyar Matsinkai, kowacce da tata layar a wuya.

Na juya in nuna wa Atika, na tarar ta jingina da bangon zaure, barci ya ɗauke ta. Na girgiza ta. Ta buɗe ido a hankali ta dubi filin da ba kowa.

"Mariya," ta ce, "ki tashe ni in za a fito da ita."

Geron shekarar bai yi kyau ba, ba a je Sakkwato ba. Ta ƙara damina biyu a bayan ɗakin nan cikin gwado, sannan wata safiya ta sanyi Hamani ya tashe ta ba ta tashi ba.