Tsinken Ashana a Akwatin Wuta

Ƙanƙara na zuba a garin Satif, wani mai gyaran wuta kuwa yana tsaye gaban akwatin wutar lantarkin benenmu. Maƙwabcina Lahdar ne ya ɗauko shi ya haɗa masa tukunyar ɗumama gida. Mai gyaran dogo ne, rigar sanyinsa duk ƙunar sigari, hannunsa na dama yatsu uku kacal. Ban tambayi labarin sauran biyun ba, na san inda suka tafi: wuta ce ta ci su.

Da tukunyar ta tashi sai makunnin da ke yanke wuta idan ta yi yawa ya faɗi da kansa, sau uku ke nan. Sai gogan ya zaro tsinken ashana ya tokare shi.

Na ce, "Ɗana, ban yi boko ba, amma abin nan ba don wasa yake faɗuwa ba. Tukunya layinta daban ake ja mata."

Ya yi dariya. "Hajja, kowa haka yake yi. Je ki sha kofinki."

Wataƙila bakuna biyar ke jiransa a gida, shi ya sa yake sauri. Amma bayan bangon nan da akwatin ke jiki gadon jikata Wahiba yake.

Ya sauka yana fito. Na ɗora tafina a bangon. Ya fara ɗumi, alhali babu bututun ruwan zafi a cikinsa, sai wayoyin wuta.